Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Yanki da Al'ada a Ƙagaggun Labaran Hausa, Tsokaci Daga Potiskum

1.0 Gabatarwa

Manazarta ƙagaggun labarai na Hausa sun saba bin ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ko dai su bi tarihi, su kasa littattafan zamani-zamani kamar yadda Yahaya ya yi a Hausa a Rubuce (1988), ko kuwa su ɗauki littafi guda su feɗe jigonsa da zubinsa da salonsa da taurarinsa. Duk hanyoyin biyu sun yi amfani, amma akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba, wato: a wane gari labarin ya auku, da wace Hausa taurarinsa suke magana, kuma wane tasiri wurin ya yi a kan abin da ya same su?

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa rubutun zube na Hausa yana da taswira tasa, kuma taswirar ta fi ƙasar da ake magana da Hausa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. An zaɓi Potiskum ta Jihar Yobe a matsayin ma'auni domin gari ne da Hausa ta zama harshen kasuwa da wa'azi da hira, alhali mafi yawan ƙabilun da suka kafa shi ba Hausawa ba ne. Irin wannan gari shi ke tilasta wa manazarci ya tantance abin da yake nufi in ya ce adabin Hausa: adabin Hausawa ne kawai, ko kuwa adabin duk wanda Hausa ta zama harshen rayuwarsa?

2.0 Yanki a Adabi: Misali Daga Amurka

Abin da ake nufi da yanki a nan ya wuce sunan gari da marubuci zai jefa a shafin farko. Yanki yana shiga labari ta ƙofa uku: ta harshen taurari, ta sana'a da hanyar neman abinci, da kuma ta tarihin da mutanen wurin suke ɗauke da shi. Idan aka cire sunan garin aka sa wani, labarin bai girgiza ba, to yankin ado ne kawai. Idan kuwa labarin ya rushe, to yankin ginshiƙi ne.

Adabin Amurka ya dace da kwatance domin ƙasa ce mai faɗi, mai harshen rubutu ɗaya da al'ummomi barkatai. Bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, marubuta daga sassan da ke nesa da Boston da New York suka fara rubuta rayuwar garuruwansu da bakin mutanensu. Mark Twain ya ɗora Adventures of Huckleberry Finn (1884) a kan kogin Misisifi, ya sa yaro marar ilmin boko ya ba da labarin da karinsa, har ya yi bayani a farkon littafin cewa da gangan ya yi amfani da kare-karen harshe daban-daban. William Faulkner ya ƙirƙiri gunduma mai suna Yoknapatawpha bisa ƙirar yankinsu na Oxford a Jihar Misisifi, ya zuba yawancin littattafansa a cikinta, har ya zana mata taswira a Absalom, Absalom! (1936). Abin da ya dame shi shi ne gadon bauta da shan kaye a yaƙi, kuma wannan ɗan yanki ne ya kai shi ga lambar Nobel ta 1949. Ita kuwa Zora Neale Hurston ta rubuta Their Eyes Were Watching God (1937) da Ingilishin baƙaƙen fata na Florida, ta sha suka daga wasu 'yan'uwanta marubuta, irin su Richard Wright, waɗanda suka ga kamar ta ba farar fata abin dariya ne. Yau littafin yana cikin waɗanda ake koyarwa a jami'o'insu.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, littattafan da suka fi kafewa a wuri ɗaya su ne suka fi yin nisa. Na biyu, shigar da karin harshen talaka cikin littafi bai taɓa zama abu mai sauƙi ba, ko a can.

3.0 Taswirar Ƙagaggen Labarin Hausa

3.1 Littattafan Gasar 1933

Ƙagaggen labari na boko a Zariya aka haife shi, a ƙarƙashin Hukumar Talifi da Rupert East ya jagoranta. Marubutan littattafai biyar na farko sun fito ne daga da'ira ƙarama: Abubakar Imam da wansa Bello Kagara 'yan Kagara ne, Imam ya yi karatu a Katsina, Bello kuwa ya koyar a can, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi amma ɗalibin Kwalejin Katsina, Muhammadu Gwarzo daga lardin Kano, John Tafida kuwa daga Wusasa.

Abin lura shi ne kusan dukkan littattafan na tafiya ne. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar Kwantagora yana ratsa garuruwa, wasu na gaske kamar Tambutu, wasu na ƙirƙira, amma ba su da bambanci da juna: kowanne yana da sarki da alƙali da kasuwa da wawan da za a damfara. Gari a wurin Imam dandali ne da aka share domin shi da Malam Zurƙe su gwada wayo. A Ganɗoki, kashin farko yana da ƙasa a ƙarƙashinsa, domin yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa tarihi ne da marubucin ya ji daga bakin waɗanda suka gani. Amma da zarar tauraron ya fuskanci gabas, sai ƙasar ta narke ta koma duniyar aljannu. Gabas a wannan littafi hanya ce ta wucewa, ba mazaunin mutane masu suna da sana'a ba.

Shaihu Umar ne ya fita daban. An buɗe shi a Rauta kusa da Bauchi, kuma duk abin da ya sami Umar da mahaifiyarsa ya taso ne daga tsarin wani wuri a wani zamani: harin bayi, makircin fada da ya kori Makau, fataucin Larabawa tsakanin Kano da Murzuk da Tarabulus. Ba za a iya ɗauke wannan labari a kai shi wata ƙasa ya rayu ba. Wannan ne ya ba shi nauyin da ya sa aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, aka kuma mayar da shi fim a 1976.

3.2 Littattafan 1978 Zuwa 1982

A wannan zango ne yanki ya fara samun murya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya gina jigonsa a kan tazarar da ke tsakanin ƙauye da birnin Kano. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tsaya a kan fasa-ƙwauri, sana'ar da ba ta da ma'ana sai a ƙasar da ke da kan iyaka, kuma Alhaji Gabatari ɗan wannan tattalin arziki ne. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito da Mailoma daga Tsaunin Gwano, cikin Maguzawa da bori da tsafi, sannan ya bi da shi ta yaƙin basasar Nijeriya. Muguntar Mailoma tana da saiwa a wurin da ya fito da kuma abin da yaƙi ya koya masa.

Mafi muhimmanci ga wannan nazari shi ne So Aljannar Duniya (1980) na Hafsatu Abdulwahid. Tauraruwarsa Boɗaɗo Bafilatana ce, kuma rikicin labarin ya taso ne daga ƙin da danginta suka yi wa aurenta da Yasir, wanda ba nasu ba. Ke nan tun 1980 an sami littafin Hausa da ya ci gasa, wanda al'adar da ke juya shi ba ta Hausawa ba ce. Ƙofar da wannan littafi ya buɗe ba a shige ta sosai ba.

3.3 Zamanin Kano

Daga tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka ja baya saboda matsin tattalin arziki, marubuta suka koma buga littattafansu da kansu, Kano ta zama cibiya. Sunan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu, Adabin Kasuwar Kano, ya jawo muhawara mai zafi a shekarun 1990 tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. An yi ta jayayya a kan kalmar kasuwa, amma ba a tsaya sosai a kan kalmar Kano ba, alhali ita ma tana da abin faɗa.

Mafi ingancin littattafan wannan zamani na yanki ne tsantsa. Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu Kano ce ciki da waje: ɗan kasuwa Alhaji Abdu da ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, sana'ar sayar da abinci da ta riƙe gidan, gobarar kasuwa da ta karya shi, da dangin da suka taru a kan Rabi ta koma. A In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino, katangar da ke tsakanin Sumayya da Muhammad katangar dukiya ce irin ta birnin 'yan kasuwa. Waɗannan marubuta kukan gidansu suka yi, kuma sun yi daidai.

Matsalar ta taso ne daga masu koyi. Da yake Kano ce ke da maɗaba'a da dillalai, daga baya kuma ta zama cibiyar fim, sai gidan attajirin Kano ya zama shi ne gidan da labari ke aukuwa, ko daga ina marubucin ya fito. Da rubutu ya koma wayar hannu da intanet, sai aka ƙara da Abuja da Dubai da Landan. Abin da ya faro a matsayin adabin wani yanki ya rikiɗe ya zama ƙirar da ake zuba kowa a ciki.

4.0 Potiskum a Matsayin Ma'auni

4.1 Garin da Mutanensa

Potiskum tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 100 yamma da Damaturu, kuma ta faɗa cikin Jihar Yobe da aka yanke daga Borno ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙasa ce ta Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Ngamawa, ga kuma Fulani da Barebari da Hausawa. A 1924 Turawan mulki suka mayar da hedikwatar masarautar Fika zuwa Potiskum, a 2000 kuma gwamnatin jiha ta tabbatar da masarautar Pataskum, ta yadda gari ɗaya yake ɗauke da fada biyu. Kasuwar shanunta tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma an san garin da harkar manyan motocin dakon kaya.

Harsunan Ngizim da Karekare da Bole da Ngamo duk 'yan'uwan Hausa ne a reshen yamma na iyalin Cadi. Russell Schuh, wanda ya wallafa ƙamusun Ngizim a 1981, ya nuna yadda Barbarci ya yi wa Ngizim da Bade tasiri mai zurfi a da, kafin Hausa ta karɓe matsayin harshen hulɗa. Ƙamusoshin da aikin binciken harsunan Yobe ya fitar a 2004, wanda Schuh ya gudanar tare da Alhaji Maina Gimba, a Potiskum aka buga su, kuma da Hausa da Ingilishi aka fassara kalmominsu. Wannan kaɗai shaida ce: Hausa ce gadar da Babole da Bangizime suke haɗuwa a kai.

Duk da haka, a cikin littattafan da aka ambata a sama, waɗanda su ne ƙashin bayan abin da ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi, babu wanda ya zauna a irin wannan gari. Ɗalibin Hausa a Potiskum yana karanta Kwantagora da Kano da Tarabulus, ba ya karanta titin da ya bi ya zo aji. Marubutan arewa maso gabas da suka yi suna wajen zana yankinsu, irin su Zaynab Alkali a The Stillborn (1984) da Helon Habila a Measuring Time (2007), da Ingilishi suka yi. Ya kamata masana Hausa su tambayi kansu dalili.

4.2 Matsalar Harshe

Dalili na farko yana cikin tarihin daidaitacciyar Hausa. Tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912, zuwa Hukumar Harshen Hausa ta 1955, zuwa taron Bamako na 1966, an gina Hausar rubutu ne bisa Kananci. Wannan babbar nasara ce, domin ita ta sa littafi ɗaya yake karantuwa daga Maraɗi har Yola. Amma tana da farashi. Hausar gabas, kamar Bausanci da Guddiranci, da kuma Hausar waɗanda suka koye ta a matsayin harshe na biyu, ba ta cika rarrabe jinsi a sunayen abubuwa marasa rai ba. Inda Bakano zai ce "motar Alhaji ta lalace", sau da yawa mutumin gabas "motan Alhaji ya lalace" zai ce. Haka nan da yawa ba sa bambanta ƙ da k a furuci. Ga malamin nahawu wannan bayani ne na karin harshe, amma ga mai gyaran rubutu da mai duba jarrabawa kuskure ne da za a ja wa jan layi.

Sakamakon haka, marubucin da ya tashi a Potiskum yana da zaɓi biyu, duka masu ɗaci. Ko ya sa dillalin shanu da direban tirela da tsohuwa Bakarekariya su yi magana kamar 'yan Kano, wanda ƙarya ce, ko kuwa ya rubuta yadda suke faɗa a ce bai iya Hausa ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne al'adar da ta kafu a wasan kwaikwayo, inda Hausar da ta kauce wa daidaitacciya take zuwa domin raha, kamar Hausar bariki a bakin Samanja. Mai sauraro ya saba da cewa wanda ya karya jinsi abin dariya ne, ba wanda za a tausaya wa ko a ɗauki maganarsa da nauyi ba. Wannan ita ce fargabar da ta sa aka soki Hurston.

Sai dai adabin Hausa kansa yana da amsa. Babu wanda ya taɓa neman a gyara Sakkwatancin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo, ko Katsinancin Mamman Shata, kuma manazarta suna ɗaukar karin harshen a matsayin wani ɓangare na gwanintarsu. Abin da aka yarje wa waƙa aka hana zube. Kuma an yarje wa karin yamma ne saboda yana da daraja ta tarihi da sarauta da malanta, wadda ba a ba karin gabas ba. Ke nan batun ba na nahawu ba ne kawai, batu ne na wane ne ake ganin mai harshen.

4.3 Matsalar Jigo

Dalili na biyu shi ne zaton da ake yi cewa labarin Hausa dole ya zama labarin al'adun Hausawa. Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978 kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa zama Bahaushe abu ne da ya daɗe yana karɓar baƙi ta hanyar harshe da addini da fatauci. Potiskum wuri ne da wannan al'amari yake gudana a idon jama'a, kuma cike yake da abin rubutawa. Akwai kakar da ke magana da Ngizim, jikanta yana amsa mata da Hausa, ranar da ta rasu kuma tatsuniyoyinta su bi ta. Akwai auren da ya haɗa gidaje biyu masu biyayya ga fada biyu. Akwai amanar da ke tsakanin makiyayi da dillali da mai mota, wadda ake ƙulla cinikin miliyoyi a kanta ba tare da takarda ba. Akwai kuma tabon shekarun tashin hankali: harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar shanu a watan Mayu na 2012, da bam ɗin da ya hallaka ɗalibai fiye da 40 a wata makarantar sakandaren kimiyya ranar 10 ga Nuwamba, 2014. Labarin da ya ci gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC a shekararta ta farko, 2016, wato Sansani, a kan 'yan gudun hijira yake, abin da ke nuna cewa masu karatu a shirye suke. Idan waɗanda abin ya shafa ba su rubuta shi da harshen da suka yi kuka da shi ba, wasu za su rubuta musu da wani harshe.

5.0 Wasu Ƙalubale

Ana iya kawo suka uku ga wannan ra'ayi. Na farko, cewa buɗe ƙofa ga kare-karen harshe zai rusa daidaitacciyar Hausa. Amsa ita ce a bambanta muryar mai ba da labari da ta taurari: ta farko ta bi ƙa'ida, ta biyu ta bi gaskiyar mai magana, kuma alama kaɗan ta isa, ba sai an cika shafi ba.

Na biyu, cewa rubuta rayuwar Ngizimawa ko Bolawa da Hausa zai ƙara danne harsunansu. Wannan suka tana da nauyi, kuma babu abin da zai maye gurbin rubutu da waɗannan harsuna kansu. Amma matashin da Hausa ce kaɗai harshen da ya iya rubutawa, zaɓin da ke gabansa shi ne ya rubuta mutanensa da Hausa ko ya rubuta mutanen wasu. Na farkon ya fi kusa da adana abin da ake tsoron ɓacewarsa.

Na uku, cewa a gari mai fada biyu da ƙabilu da yawa, ambaton suna yana iya tayar da ƙura. Dabarar Faulkner ta ƙirƙirar suna ga wurin da kowa ya gane ba baƙuwa ba ce ga Hausa, domin Galma ta Jiki Magayi da Tsaunin Gwano na Bature Gagare sun riga sun nuna hanya. Abin da ake bukata shi ne gaskiyar wuri, ba lallai sunansa ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda ƙagaggen labarin Hausa ya tashi daga Zariya da Katsina ya koma Kano, da yadda littattafan da suka fi ƙarko, daga Shaihu Umar zuwa Alhaki Kuykuyo Ne, suka kasance waɗanda wurinsu ya zama ginshiƙin labarinsu. An kuma ga cewa garuruwa irin su Potiskum, inda Hausa take harshen kowa ba tare da ta zama asalin kowa ba, sun zama masu karatu fiye da abin karantawa, saboda ma'aunin harshe da na jigo da aka gada.

Gyaran yana hannun masana kafin marubuta. Ya kamata a shigar da wuri cikin abubuwan da ake nazari a ƙagaggen labari, daidai da jigo da salo. Ya kamata masu gyaran rubutu da alƙalan gasa su koyi bambanta kuskuren marubuci da karin tauraro. Ya kamata kuma sassan Hausa da ke Yobe da Borno da Gombe da Bauchi su tattara abin da matasansu suke rubutawa, su nazarce shi da idon basira. Hausa ta yaɗu ne domin ta karɓi bakin duk wanda ya ɗauke ta. Adabinta na zube ba zai kai girman harshen ba sai ya yi irin wannan karɓa.